Gadon da Ya Tafi Yaƙi

Manzon bai tsaya an yi masa iso ba. Ya kutso cikin soron fada da laka har gwiwa, rigarsa na ɗigar ruwa, ya zube a gaban Sarki Tanimu na Birnin Tandara.

"Allah ya ja zamanin Zaki! Mutanen Kwazari sun ci amana. Rundunarsu ta sauka a hayin Gulbin Tsamiya, ba abin da ya tsare su sai ambaliya. Da zarar ruwa ya ja baya, ranka ya daɗe, a gonakinmu za su kwana."

Fada ta kaure da surutu har sai da dogarai suka tsawatar. Sarki bai motsa ba. Ya dubi dama, ya dubi hagu, sannan ya ce a kawo shawara.

Galadima Mijinyawa ne ya fara, kamar kullum. Mutum ne mai taushin murya, wanda ba a taɓa ganin gumi a goshinsa ba. Ya ce a rufe ƙofofi, a cika rumbuna, a bar abokan gaba su yi ta zagaya ganuwa har yunwa ta kore su.

"Wace yunwar?" Muryar Jarmai Cindo ce, shugaban mayaƙan Tandara, tsoho mai yatsa shida a hannun dama da tabon mashi a haɓa. "Dawarmu ta fara ciki, Galadima. Mu rufe ƙofa su girbe, mu kuma mu ci ganuwa? Allah ya ba ka nasara, a bar ni in tare su a mashigi. Wanda ke cikin ruwa har ƙugu ba ya iya ɗaga garkuwa."

Sarki ya gyaɗa kai. "Jarmai ya faɗi gaskiya. A aika ƙauyuka. Ranar da mutane suka hallara a buga tambari, ya fita da su."

Aka tashi. Jarmai yana saka takalmi a zaure sai ya ji an ja hannun rigarsa. Alƙali Bagudu ne, siriri, gemu fari fat, yana dogara sanda.

"Jarmai, na ji shirin yaƙi. Ina shirin mutuwa?"

"Allah gafarta Malam, wannan wace irin gaisuwa ce?"

"Gaisuwar wanda ya gaji da raba abin da mayaƙa suka bari. Maganar gidanka nake yi."

Maganar gidan nan kuwa ba wanda bai san ta ba a Tandara. 'Ya'yan Jarmai maza biyu ne. Babban, Tunau, ya faɗi a yaƙin bara, ya bar matarsa Yalwa da 'yan mata biyu ƙanana, duk suna zaune a gidan tsohon. Ƙaramin, Nomau, ya daɗe da ware nasa gidan, ya zama ɗan gaban goshin Galadima. Shari'a kuma ba ta da kwana-kwana: jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba shi da rabo muddin akwai ɗa a raye. Ranar da Jarmai ya rufe ido, gida na Nomau ne tun daga zaure har makewayi. An ma san inda Nomau zai kai shi. Katangar Jarmai da ta Galadima ɗaya ce, rijiyar Jarmai ba ta taɓa ƙafewa ba, Galadima kuwa ya yi wa Nomau alkawarin rawani ranar da aka fasa katangar nan. Shi ya sa wata Juma'a Jarmai ya miƙe a masallaci ya shaida wa jama'a ya ba marayun Tunau gidan kyauta, halak malak.

"Ai na gama wannan," in ji Jarmai. "Kana sahun gaba ranar. Birni kaf ya ji."

"Birni ya ji, shari'a ba ta gani ba. Jiya a ina ka kwana?"

"A turakata mana."

"Butarka da adudunka suna ina?"

"Inda suke tun kafin a haifi Nomau."

"To ba ka ba da komai ba. Kyauta ba ta cika da baki, sai da hauzi, wato mai bayarwa ya saki, wanda aka ba ya kama da hannunsa. Mutum bai isa ya kyautar da gida yana kwance a ciki ba. Sai ka kwashe komai naka ka fita, uwar yaran ta karɓa a madadinsu gaban shaidu. In ka mutu kafin haka, kyautar ta bi ka kabari."

Jarmai ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. "Kuma sai yau kake gaya mini?"

"Na aika maka har na gaji, kullum ana cewa kana duban ganuwa. Da saura. Mutumin da ya shiga sahun yaƙi, hukuncinsa ɗaya da mai cutar ajali. Daga lokacin hannunsa ya ɗaure, sulusin abin da ya mallaka kaɗai zai iya taɓawa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kai dai dole ka fafe."

Maƙera na jiransa da maganar kibau, bai ko bi ta kansu ba. Gida ya nufa, ya tara barorinsa, ya ce a kwashe duk abin da yake nasa a kai zauren Ƙofar Gabas inda masu tsaro ke kwana. Yalwa ta fito daga madafa ta durƙusa can nesa, kanta a ƙasa.

"Baba, lafiya? Wani laifi muka yi?"

"Laifin nawa ne, 'yar nan. Na ba ku gida na hau kai na zauna kamar kaza a kan ƙwai."

"Baba, in ka fita me gari zai ce? Cewa za a yi matar ɗa ta kori uban miji. Wallahi gara mu koma ƙauyenmu."

"Wane ƙauyen? Wanda Kwazarawa suka mayar toka? Tunau ya shiga gabana ya karɓi mashin da aka nufo ni da shi. Ba zan je in same shi in ce na bar 'ya'yansa a rana ba. Tashi ki nuna musu abin da yake naki, kada su haɗa."

Sai dai Jarmai ya manta da halin da gari ke ciki. Da safiyar ranar shamuwar da ke sheƙa a rimin ƙofar fada ta watse ta bar ƙwai, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba damina na tsaka. Zukata sun riga sun tsinke. Da aka hangi barorin Jarmai sun fito da kaya a ka sun miƙi hanyar Ƙofar Gabas, wata mai tallan daddawa ta kwarma ihu: "Jarmai na gudu!" Kafin maganar ta isa kasuwa ta yi 'ya'ya da jikoki. Mahauta suka bar nama a kan tebur, mata suka fara ɗaure tsummokara, masu jakuna suka ninka kuɗin haya.

Galadima bai ɓata lokaci ba. Ya shiga wurin Sarki, ya fito. Kafin la'asar Sankira, mai shelar fada, yana bin unguwa-unguwa.

"Jama'a, Sarki ya gaishe ku! Ya ce daga yau har yaƙi ya ƙare, kada wanda ya fitar da ko ludayi daga gidansa! Wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba!"

Dogarai suka tare barorin a hanya, suka juyo da su. Jarmai yana tsaye a ƙofar gida yana kallo aka mayar da adudunsa, da buzunsa, da butarsa, kowanne daidai inda aka ɗauke shi. A bayan dogaran ga Nomau cikin sabuwar riga mai aska takwas, wadda ubansa ya san ba da guminsa ya saye ta ba. Ya tsuguna ya gaida shi da ladabi.

"Baba, don Allah ka daina wahalar da kanka. Ni fa ban taɓa cewa zan kore su ba."

"Madalla. Taso mu je gaban Malam Bagudu ka rantse ba za ka kore su ba."

Nomau ya shiga wasa da ƙasa da ɗan yatsa.

"Ka ga? Ko rantsuwar ƙarya ba ka da ƙarfin halin yi."

"Baba, Allah ne ya yi rabon nan, ba ni ba. Ni ma ɗanka ne. Tun muna yara komai Tunau, doki Tunau, takobi Tunau. Yanzu ya mutu ma shi ne da gida?"

"Kai kana da rufi a kanka, su ba su da shi. Allah ne ya ce ka musanya rijiyar ubanka da rawani? Rawanin da za a naɗa maka ka riƙa bin Mijinyawa da buta?"

Nomau ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. "A huta gajiya, Baba."

Washegari Jarmai ya riga kowa zuwa fada. Da Sarki ya zauna, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ƙi komawa mazauninsa.

"Zaki, na bauta wa mahaifinka, na bauta maka. Ban taɓa roƙon doki ba, ban taɓa roƙon gona ba. Yau na zo roƙo. A bar ni in fita daga gidana."

Galadima ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "Allah ya taimaki Sarki, wa ya kai ni ƙaunar marayun Tunau? Ta katanga nake jin kukan ƙaramarsu. Amma talaka bai karanta littattafan Malam Bagudu ba. Abin da idonsa ya gani shi ne shamuwa ta tashi, Jarmai ya ɗaure kaya. In shugaban yaƙi ya naɗe tabarmarsa, mai daddawa ta zauna jiran me? Jiya saura ƙiris birnin nan ya watse ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Ga hanya mai sauƙi kuma. Ya yi wasiyya da sulusi, shari'a ta yarje masa."

"Sulusin me?" Jarmai ya juyo ya fuskanci Galadima. "Dawakin da nake hawa na Sarki ne, gonar ta rawani ce. Gidan nan kaɗai na gina da gumina. Sulusinsa ɗaki ne da makewayi. Ƙofa da rijiya su faɗa hannun Nomau, yaran su riƙa shiga ɗakinsu ta sama kamar jemagu?"

Wasu hakimai suka rufe baki da amawali suna ƙunshe dariya. Sarki bai yi ba. Ya dubi Alƙali.

"Malam, ba wata ƙofa? In ni na shaida kyautar da bakina fa?"

"Allah ya ƙara wa Sarki imani, ko sarakunan duniya ne suka taru suka shaida, muddin mai kyautar na kwana a ciki, ba ta cika ba. Ba ni na ƙaga ba, haka na tarar."

Sarki ya ja carbi. "Ni kuma ba zan yi doka jiya in warware yau ba. Jarmai, ka yi haƙuri ka je ka dawo. Ni da kaina zan tsaya a kwashe maka kaya."

"In ban dawo ba fa, Zaki?"

Hakimai suka dubi juna. Ba a yi wa Sarki irin wannan tambayar. Fuskarsa ta ɗaure.

"Na gama magana. Ba abin da zai fita daga gidan kowa, sai abin da mayaƙi zai tafi da shi fagen fama."

Jarmai ya fito yana huci. Ya bi ta kan duk wanda Sarki ke jin maganarsa, tun daga Limami har gwaggon Sarki, kowa ya ba shi goro ya ce a bari sai bayan yaƙi. Manzanni kuwa ba su fasa zuwa daga bakin gulbi ba. Wannan ya ce ruwa ya sauka zuwa wuya, na bayansa ya ce ƙirji. Tsohon ya zama ba a iya yi masa magana. Ya mayar wa maƙera da kibau ya ce ko ɓera ba za su kashe ba, ya fatattaki mai yi masa aski. Takaicin duniya ya ishe shi: shi da ya ƙwace garuruwa ya miƙa wa Sarki, yau ɗan gidan laka ya gagare shi bayarwa.

Da hantsin ranar da tambari ya ɗauka, Sarkin Dogarai ya zo raka Jarmai bakin ƙofa. Yana shan kwana ya ja ya tsaya. Jakuna ne jere a ƙofar gidan, barori na ta labta musu kaya.

"Jarmai, wannan fa?"

"Kayan yaƙi."

"Turmi?"

"Mayaƙa tsaba za su ci?"

"Randa fa?"

"Kai ba ka shan ruwa?"

Sai ga ƙarti sun fito suna nishi da wani ƙaton gadon maɗaci, wanda tun da aka shigar da shi turaka bai ƙara ganin rana ba. Sarkin Dogarai ya riƙe baki.

"Haba, Jarmai! Har da gado?"

"Tsufa ya zo. In ban yi barci ba, ba na iya yaƙi. Sarki ya ce abin da mayaƙi zai tafi da shi fagen fama. Ni mayaƙi ne, ga abin da zan tafi da shi. In kuwa ka ga ba haka ba, karɓi tutar ka ja su, ni in koma in kwanta."

Galadima ya fito daga nasa gidan rawani a karkace, ya ga abin da ke faruwa, ya hau doki sai fada. Runduna na tsaye a bakin ƙofa, tambari na ta kira, ba halin a tsaya muhawara. Jim kaɗan manzo ya dawo a guje.

"Sarki ya gaida Jarmai. Ya ce abin da ya fita da sunan yaƙi, yaƙi zai je. Ko cokali kada a sauke a cikin birni."

"Na ji, na gode," in ji Jarmai. "Malam, bisimilla."

Alƙali Bagudu ya shiga da shaidu biyu. Suka leƙa turaka, wayam, sai shatin ƙafafun gado a ƙasa. Suka duba zaure da barga. Suka fito, Alƙali ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yalwa, na sa ki wakiliyar 'ya'yanki. Jarmai, ka saki?"

"Na saki."

"Yalwa, kin karɓa?"

Da ƙyar aka ji muryarta daga bayan ƙyaure. "Na karɓa, Malam."

"To rufe ƙofarki."

Ta kasa. Ta riƙe ƙyauren tana kuka, tana kallon tsohon da ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa yana tsaye a waje.

"Rufe mana, 'yar nan!" Jarmai ya daka tsawa. "Ana jirana!"

Ƙyaure ya rufu. Aka ji ƙarar sakata.

Tafiyar ta zama wani sabon takaici. Jakuna na kafewa a laka, randa ta fashe tun ba a yi nisa ba, gadon kuwa duk inda hanya ta matse sai an tsaya an karkata shi. Mayaƙa suna ta ba'a ƙasa-ƙasa, wai amarya suke rakawa ɗakin miji. Lokacin da suka hango Gulbin Tsamiya, abin da Jarmai ke tsoro ya riga ya faru. Ruwa ya janye, Kwazarawa sun haye, sun ja sahu a busasshiyar ƙasa garkuwa na taɓa garkuwa. Dabarar da ya faɗa a fada ta bi ruwa, kuma kayansa ne suka jawo.

Ya dubi rundunar abokan gaba, ta ninka tasa. Ya waiwayi jakunan. Sai ya yi wani ɗan murmushi marar daɗi.

"Ku kora su kan buɗaɗɗiyar hanya," ya ce da barorinsa. "In kun ga an hango ku, ku zubar da komai ku yi ta ihu ku gudu. Maharba, ku shige cikin dawa, dama da hagu. Wanda ya yi tari kafin a busa ƙaho, ni zan kashe shi."

Kwazarawa suka ga jakuna, da adudai, da tasoshin tagulla suna walƙiya, da gadon da sai babban mutum ke kwana a kai. Wani ya yi kururuwa cewa Tandara ta watse, ga kayan manyanta nan. Sahu ya ɓare. Manyansu na tsawa, ba mai ji. Kowa ya yar da garkuwa don hannu biyu su samu abin ɗauka. Wasu har sun fara dambe a kan buzu.

Sai ƙaho ya tashi.

Kibau suka fito daga cikin dawa kamar ruwan ƙanƙara. Kafin su farga Jarmai ya faɗo musu da masu takubba ta tsakiya, yana kiran sunan Tunau. Aka yi ta sara har rana ta karkata. Waɗanda suka tsira suka faɗa gulbi, gulbi ya ɗauki rabonsa. Jarmai ya sauko daga doki yana duba abin da ya rage na kayansa, ba komai sai tsingaro da tsumma. Yana cikin haka wani Bakwazare da ya ɓuya a ƙarƙashin gadon ya zuro mashi ya soke shi a cinya har ƙashi. A kan gadon aka ɗora shi aka juyo gida.

Albishir ya riga su isa. Fada ta cika, ana ta guɗa a cikin gida. Galadima ya bari murna ta lafa, sannan ya durƙusa gwiwa bibbiyu.

"Allah ya ja zamanin Sarki, yau Tandara ta san darajar tsofaffinta. Mutumin da ya ceci ƙasa, ya rasa duk abin da ya tara, ya dawo da rauni, a kai shi zauren masu tsaron ƙofa ya yi jinya? Ina! Kunyar ta Sarki ce. Ina roƙo a mayar da shi turakarsa, a shimfiɗa masa kilisai daga fada, ya zauna har Allah ya ba shi lafiya."

"Allah ya ƙara wa Sarki imani," Alƙali ya yi wuf ya ce, "akwai magana a nan. Mai kyautar gida in ya koma ya zauna a ciki kafin shekara ta zagayo..."

"Malam, kullum kai da littafi," Sarki ya katse shi. "Yau ranar karramawa ce. A kai Jarmai turakarsa. Umarnina ne."

Alƙali ya fita bai jira an sallame shi ba. Da sanda da tuntuɓe ya isa ƙofar gidan daidai lokacin da masu ɗauke da gadon suka iso, jama'a na bin su da kirari. An naɗa wa Jarmai rawaninsa don shiga gari, fuskarsa ta yi fari saboda zubar jini. Yalwa ta wangale ƙofa, ta share turaka, ta yi turare, tana tsaye a soro da hawayen murna. Nomau na gaba-gaba yana ba da hanya.

"Sannu da zuwa gida, Baba. Ku shigo da shi, ku bi a hankali."

"Ku dakata!" Alƙali ya sa sandarsa ya gitta ƙofa, yana haki. "Jarmai, kana ji na? In ka koma ka zauna a gidan nan kafin shekara, hauzin ya warware, kamar ba a yi ba."

Jarmai ya buɗe ido. "Jinyar ma?"

"Jinyar da ba a san ranar ƙarewarta ba zama ce. In ka cika a ciki, akwai masu shaida a shirye."

Tsohon ya juya kai a hankali. Can saman katanga ya hangi bakin rawanin Galadima. Ya dubi ɗansa, Nomau ya kau da kai.

"Ku ajiye ni nan."

Sarkin Dogarai ya matso. "Jarmai, ka yi haƙuri. Umarnin Sarki ne a kai Jarmai turakarsa. Ka san abin da ke bayan ƙin umarni."

"Baba, don Allah ka shigo," in ji Yalwa daga soro. "Gidan banza! Mu dai ka warke."

"Yi mini shiru, 'yar nan."

Ya ɗaga hannun nan mai yatsa shida, ya kama bakin rawaninsa. Ya warware shi zagaye bayan zagaye, jama'a na salati, har kansa ya fito fari tas. Ya dunƙule ya miƙa wa Sarkin Dogarai.

"Umarnin na Jarmai ne. Ga Jarmai nan, kai wa Sarki, ya sa shi a turakar da ya so. Ni Cindo ne, Cindo kuwa ba shi da gida a unguwar nan. Malam, tsohon da ba shi da gida, ba shi da sarauta, ba ya iya tashi, wa shari'a ta ɗora wa?"

"Ɗansa," in ji Alƙali. "Ci da sha da wurin kwana. In ya ƙi, zauren shari'ata a buɗe yake."

Cindo ya yafito Nomau da hannu. Nomau ya matso kamar wanda ake ja da igiya.

"Tun bara kake bin gado, Nomau, ba ka barci, ba ka bar kowa ya yi ba. To ga gado, ga mai shi a kai. Sa kafaɗa."

Wani daga cikin masu ɗaukar ya ja gefe ya ba shi wuri. Nomau ya dubi saman katanga, ba kowa a wurin. Ya sunkuya, ya sa kafaɗar sabuwar rigarsa a ƙarƙashin maɗacin da ya jiƙe da jini, suka ɗaga.

"Gidansa za mu," in ji tsohon. "Ke kuma rufe ƙofarki."